Farar Mesa a Siton Alhaji Maccido

Alhaji Maccido dillalin fatu ne, ɗan dillalin fatu, kuma a Illela abin kunya ɗaya aka san shi da shi, shi ma gari ya taru ya sauke masa ya aza wa mace. Na biyun ba a sani ba tukuna. A sitonsa na bayan gida, inda da ake jibge fatun jan akuya, macizai yake kiwo.

Na farkon ya girmi na biyun da shekara uku. Matarsa Hindatu, 'yar Malam Attahiru na Kalmalo, ta tafi gida goyon ciki kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Aka aiko masa an sauka lafiya, an samu mace. Ya hau babur da ƙullin goro da turmin atamfa. Da aka miƙo masa jaririyar ya buɗe zane, ya ga fata fara sol, gashi kamar gemun masara, idanu suna rawa ba sa son haske. Zabiya ce. Ya mayar da zanen ya rufe, ya yi addu'ar da aka saba yi, a gajarce, ya ce yana da baƙi a Illela.

Ran suna ya aika da rago, shi bai je ba. Malam Attahiru ya jira shi har hantsi ya ɗaga, sannan ya raɗa wa yarinyar suna Baraka da kansa.

Maccido bai taɓa cewa ba 'yarsa ba ce. Ya yi karatun da ya isa ya san hukuncin mai faɗin haka ba shaidu. Abin da ya yi ya fi wannan arha. Ran Lahadi, kasuwar Illela na ci, yana zaune a rumfarsa cikin 'yan fata, wani ya yi masa barka. Sai ya miƙa hannunsa baƙi wuluk, ya juya shi ciki da baya, ya ce, "Ku dube ni dai. Gidanmu ba a taɓa yi ba, su ma sun ce gidansu ba a taɓa yi ba. Allah shi ya san sauran."

Ya ci gaba da shafa fata yana neman huda. Kafin la'asar maganar ta tsallaka iyaka zuwa Kwanni ta dawo da riga da hula. Wasu suka tuna da Nasaran da suka taɓa zuwa auna tafkin Kalmalo. Masu tausayi suka ce a'a, aljanin ruwa ne, ba laifinta ba ne sosai.

Mata biyu suka yi masa magana a kai. Hindatu ta zo da kanta bayan arba'in, da alwala, da Alƙur'ani naɗe cikin buzu, ta dafa ta rantse cewa ba ta san wani namiji ba sai shi. Ya ce ai shi bai tuhume ta ba, me ya kawo rantsuwa? Ta biyun ita ce Gwaggo Zuwaira, ƙanwar mahaifinsa, wadda ke zaune gidan tun rasuwar mijinta. Ita ta tare shi a bakin rijiya.

"Maccido, mun taɓa yin zabiya. Ramatu, yayarmu ni da ubanka. Can ƙauyen Araba, ɗakin bayan rumbu anka aje ta, har rana ta cinye mata jiki ta rasu."

Ya ce da an yi, da Baba ya faɗa. Ta ce Baba ne ya hana a faɗa. Ya ce tsufa ne da tausayin Hindatu suka haɗu suka ƙirƙiro mata yaya. Mako bai zagayo ba ya aika Kalmalo da saki ɗaya, kuma ya bar idda ta cika bai waiwaya ba.

Macizan sun zo ne gab da soja su rufe iyaka. A Kwanni akwai wani mutumin Dahome da ke kawo masa fatun mesa, kuma yana tara masu rai wa wasu Turawa a Kwatano, su sa a jirgi zuwa ƙasarsu, inda aka ce mutum na ajiye maciji a ɗaki kamar kyanwa. Ba babbar mesar da ke haɗiye akuya ba ce. Ƙarama ce, tsawon sandar makiyayi, ba ta da dafi, in ta tsorata ba ta sara, sai ta dunƙule kamar curin fura ta ɓoye kanta a tsakiya. Mutumin ya kai Maccido bayan shago ya kwance bakin wata jaka. Namiji ne, fari tas da zanen rawaya, ido ja. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin irinsa ba, Baturensa ya tafi gida, shi kuwa yana tsoron abin ya mutu a hannunsa. Ya ce wanda ya iya sa wannan ya hayayyafa, ya daina warin fata har abada.

Maccido ya saye shi, ya haɗa da mace guda mai launin ƙasa irin na kowace mesa, ya tsallako da su cikin buhun albasa. Mutumin da ya kasa kallon farar 'yarsa sau biyu ya biya sefa ya sayi farin maciji, kuma bai ga komai a cikin hakan ba. Ba a taɓa zarginsa da yawan tunani ba.

Aka rufe iyaka, aka canja kuɗi, fata ta tsaya cik. Ya rage daga shi sai sito fayau da macizai biyu.

Ya koyi aikin da hannunsa, don ba wanda zai tambaya. Illela ta yi wa irin wannan mesa bushewa, saboda haka ya binne manyan randuna rabi a ƙasan siton, ya zuba yashi mai laima, ya rufe da faifai ya danne da dutse, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Ci kuwa, ba sa cin mushe, sai ɓera mai motsi. Alhaji guda, mai babbar riga, ya koma yana kifa kwano a kan tsinke da ƙulli-ƙuli a ƙarƙashi. Da ɓerayen gidansa suka ƙare ya shiga bin rumbunan maƙwabta da sunan taimako, har liman ya yaba masa a bainar jama'a, ya ce a yi koyi da Alhaji wajen kula da haƙƙin maƙwabtaka. Ya sunkuyar da kai, aka ɗauka tawali'u ne.

Abin da yake tsoro kalma ɗaya ce: gardi. Mai yawo kasuwa-kasuwa da maciji a wuya da ganga a baya, ana jefa masa kwabo. Gidansu gidan fatauci ne da karatu, kakansa ya yi wa alƙali muhuti, wato magatakarda. In aka ji, ko a ce gardi ko a ce tsafi, kuma bai san wanda ya fi ba. Ya auri wata bazawara daga Kwanni, wata rana ta shiga siton neman ruwan sanyi ta ɗaga faifai. A ranar ta bi hanyar 'yan sumoga ta koma gidansu, ko kwanukanta ba ta tsaya ɗauka ba. Rufe iyaka bai amfane shi da komai ba sai wannan, ya tsare maganar a can.

Da sanyi ya shigo ya haɗa farin da macen. Da bazara ta yi ƙwai biyar masu taushi kamar jiƙaƙƙiyar fata, ta naɗe su ta kwanta, ba ci ba sha. Ya dinga yayyafa wa yashi ruwa safe da yamma kamar mai renon dashe. Da ruwan farko suka fasa. Duka biyar launin ƙasa, ko ɗigon fari babu.

Abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne macen ta zo da cikin wani.

Da ya kwashe su ya watsa a daji, sai dai a makon farin ya daina ci, bakinsa ya soma kumfa. Dole ta sa ya nemi Mukhtari, malamin dabbobi na kara, kasuwar dabbobi, saurayi ne da ya yi karatu a Zariya, mai yawan shiru. Sai da ya rantsar da shi kafin ya buɗe masa siton. Mukhtari ya duba farin ya ce ciwon huhu ne kuma ya yi nisa. Sannan ya leƙa randar 'ya'yan, ya tambayi me za a yi da su. Maccido ya ce zubarwa, tun da ba na farin ba ne.

Mukhtari ya nemi goro, fari ɗaya ja ɗaya. Ya ɓare kowanne gida biyu a kan gwiwarsa. Ya ce kowace halitta kamar goro take, ɓari biyu, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Ya ɗauki ɓarin ja ya kifa a kan ɓarin fari ya nuna masa: ja kaɗai ake gani, amma farin na nan a ƙasa bai je ko'ina ba. Ya ce 'ya'yan nan biyar haka suke, kowanne na ɗauke da farin ubansa a ɓoye. Farin ba ya fitowa fili sai ɓari fari ya gamu da ɓari fari, wato sai uwa ta bayar uba ma ya bayar. Ɗaya shi kaɗai ba ya iyawa. Yana iya kwana a gida kaka da kakanni ba wanda ya gan shi.

"Haka yake ko ga maciji, ko ga akuya, ko ga..." Ya tsaya, yana kallon goron.

"Ko ga mi?"

"Ko ga tunkiya, Alhaji."

Maccido ya tambaye shi cikin 'ya'ya nawa za a samu fari nawa, kuma shekara nawa za su yi kafin su isa. Mukhtari ya ce kamar ɗaya cikin huɗu, in Allah ya so, kuma mace sai ta shekara uku. Ya tattara ɓarin goron ya ajiye a kan faifai ya fita. Maccido ya cinye su ɗaya bayan ɗaya, yana lissafi.

Farin ya mutu kafin damina ta tsaya. Biyu cikin 'ya'yan suka bi shi. Saura uku, mata biyu da namiji, kuma abin da ya so ya zubar ya zama shi ne dukan jarinsa.

Aka buɗe iyaka, fata ta dawo, ya koma rumfarsa. Yana iya bari a nan, bai bari ba. A cikin shekarun nan sau ɗaya ya ga Baraka. Ran kasuwa ce, tana bayan kakanta a kan jaki, sun kawo busasshen kifi. An yafa mata tsohon zane a ka, amma hannuwanta a waje suke, rana ta gasa su sun yi ja sun sassaɓe, leɓɓanta sun tsage. Yara na bin jakin suna kiran Nasara. Maccido ya faɗa rumfar mai gishiri ya yi ta cinikin gishirin da ba ya bukata har suka wuce. Hindatu kuwa ba ta sake aure ba. Masu nema sun zo, don kyakkyawa ce, amma kowanne sai uwarsa ko yayarsa ta ja shi gefe ta tuna masa da maganar kasuwa.

Da macizan suka isa, Mukhtari ya ce a haɗa namijin da 'yan'uwansa mata. Maccido ya ce wa da ƙanwa, wannan ƙazanta ce, ba a gidansa ba. Mukhtari ya ce macizai ba a saukar musu da littafi ba. Suka rabu a kan rabi da rabi. Mace ɗaya Maccido ya saya mata baƙon namiji daga mutumin Dahome, ƙato mai sheƙi, wanda shi a ganinsa ya fi dacewa. Ɗayar ya bar ta da ɗan'uwanta, ya danne faifan da dutse biyu kamar mai ɓoye laifi.

Ranar da suka fasa an kwana ana ruwa, gari ya waye da ƙamshin ƙasa. Ya fara buɗe randar baƙon, don a can zuciyarsa take. Ƙwai bakwai, kawuna bakwai, duka launin ƙasa. Ya ɗaga ɗaya faifan ba da wani zato ba. Ƙwai shida. Huɗu irin na kullum. Daga tsagar biyu kuwa kawuna farare ne suka leƙo, da jan ido, suna fitar da harshe.

Ya yi hamdala da ƙarfi. Ya fara tunanin Kwatano. Sannan idonsa ya sauka kan uwar, wadda ya ware gefe, baƙa-baƙa da zanen ƙasa. Ya buɗe randar uban ya duba, kamar bai san shi ba. Shi ma haka. Ba wanda ya shiga randar nan. Shi ya rufe ta, shi ya aza dutse, shi ke riƙe da makullin siton a aljihun 'yar cikinsa. Babu Nasara, babu aljanin ruwa. Baƙi da baƙa sun haifi fari a gabansa, kuma a ɗaya randar, inda uwa kaɗai ke ɗauke da abin, ko ɗaya bai fito ba.

Ya zauna a kan jiƙaƙƙen yashi da rigarsa ta fita.

A haka Gwaggo Zuwaira ta same shi. Ta daɗe da sanin abin da ke siton, wari da ɓeraye sun faɗa mata, ta dai yi shiru ne don ta ga a gidan nan ba a son mai faɗa. Ta dogara sandarta ta leƙa randar, ta daɗe tana kallo.

"Sannu da arziki. Wane ne ubansu?"

Ya nuna da haɓa.

"Baƙin ga?"

"Shi."

"To. Bai tahi kasuwa ya ce ma mutane su dube shi ba?"

Ba ta jira amsa ba, ta juya ta koma wajen tsakin da take jiƙawa.

Ya kwana biyu bai fita rumfa ba, ya ce zazzaɓi ne. Abin da ya fi cinsa ba wai ya gano ba ne. Ya riga ya sani tun ranar goro, ya tauna sanin ya haɗiye. A rana ta uku ya yanke shawara irin ta ɗan kasuwa: zai kai hujja. Ya sa uban da uwar da farin ɗa guda a kwando, ya rufe da zane, ya ɗaure a bayan babur ya nufi Kalmalo. A hanya har ya ɗan ji kansa mutumin kirki.

Malam Attahiru na zaure da mutum uku suna gyaran koma, ragar kamun kifi. Ya tsufa, wuyansa ya zama igiya. Ya amsa sallama, ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya gaishe shi gaisuwar da ake yi wa baƙon da ba a sani ba, doguwa, cikakkiya, ba ko kalma ɗaya ta kusanci a ciki. Ya tambayi kasuwa, ya tambayi damina, ya tambayi Gwaggo.

Maccido ya fito da goro ya ɓare, ya shiga bayanin ja da fari. A bakin Mukhtari maganar ta yi sauƙi, a nasa ta sarƙe, ɓari ɗaya ya faɗi ƙasa kaza ta ɗauke. Da ya ga ba ya fita, sai ya jawo kwandon ya yaye zanen. Masu gyaran koma biyu suka tsinci kansu a waje ba takalmi. Malam Attahiru ko gezau bai yi ba. Ya dubi macizan, ya dubi surukinsa na da.

"Alhaji, wa kaka son ka gamsar? Mu nan ba mu taɓa shakka ba."

"Baba, na zo in ce na gane."

"Ka gane."

Ihun waɗanda suka gudu ya jawo mutanen gida. Ta bayan zanan da ya raba zaure da tsakar gida ya ji motsi, ya ga gefen zane da ƙafa. Bai ga fuska ba, amma muryar Hindatu ba ta canja ba, sai dai ta yi ƙasa.

"Na dahwa Alƙur'ani na rantse maka, ba ka yarda ba. Gwaggo ta ba ka sunan 'yar'uwar ubanka, ba ka yarda ba. Maciji bai ce maka komi ba, ka yarda."

Maccido ya ce, yana kallon tabarma, in ta amince a ɗaura sabon aure, ɗakinta na nan. Ta ce ɗakin ya zauna lafiya. Ta ce ba cikin zaure aka zubar da ita ba, kasuwa ce, ran Lahadi, gaban 'yan fata, kuma in yana da abin kwasa can zai je ya kwasa. Ƙafar ta janye daga bayan zanan.

Ba wanda ya lura da shigowar Baraka sai da ta durƙusa gaban kwandon. Manyan biyu sun dunƙule sun ɓoye kai. Ƙaramin ne kawai ke yawo. Ta sa hannu ta ɗauke shi ba tsoro, ta kawo shi dab da hancinta, don ba ta gani daga nesa, ta karkata kai tana dubansa da idanunta masu rawa. Maccido bai taɓa ganinta kusa haka ba. Goshin mahaifinsa ne, da kunnuwan gidansu masu tsayuwa, waɗanda ake yi masa dariya da su tun yana makarantar allo. Suna nan tun ranar da ya buɗe zane, da ya duba.

Ta mayar da macijin a hankali. Ta juya wajen kakanta.

"Kaka, mi za a ba gardin, hatsi ko kihi?"

Malam Attahiru bai gyara mata ba. Ya ce ta shiga ciki rana ta yi.

Kafin Lahadi labarin kwandon ya riga shi isa Illela, masu gyaran koma ba su rantse wa kowa ba. Da ya fito masallaci da asuba sahun da yake ya yi masa fili fiye da bukata. Maƙwabcin da ya fi yaba masa kan ɓeraye ya wuce shi bai gaishe shi ba. Ya saya wa kansa wannan, kuma bai sayi komai da shi ba tukuna.

Ya aika Kalmalo da roƙo ɗaya, a kawo yarinyar kasuwa. Bai san ko za a kawo ta ba. Ya sayi malafa mai faɗi, ta yara, ya ajiye a kan tarin fata, ya zauna. 'Yan fata suka cika rumfar fiye da kullum, har da waɗanda ba su da abin saye ko sayarwa. Wani ya tambaye shi ko ganga na gida. Wani ya ce a daina cewa Alhaji haka kawai, a ce Sarkin Gardawa, sarauta ba a ɓoye ta. Ya bar su suka yi.

Da hantsi jakin ya tsaya. Malam Attahiru ya sauke ta, ya kawo ta har bakin rumfa, shi ya tsaya a waje cikin rana, ya ƙi tabarma. Maccido ya aza mata malafar. Ta yi mata yawa, ta rufe har gira. Ya zaunar da ita a kan fatun, inda shi yake zama, sannan ya miƙe tsaye.

Ya ce shekara bakwai da suka wuce ya faɗi wata magana a wurin nan, da yawansu suna zaune. Ya miƙa hannun nan dai, baƙi wuluk.

"Wagga ɗiyata ce, Baraka. Hwarin da kuka gani gare ta, rabinshi cikin hannun ga yake. Gidanmu an taɓa yi, sunanta Ramatu, yayar ubana, munka ɓoye ta. Hindatu ba ta yi komi ba. Ni na yi mata ƙazahi, da baki ruhe."

Sai mai maganar ganga ya murmusa ya ce, "Alhaji, macijin ne ya hwaɗa maka?"

Dariya ta tashi, irin wadda mutane ke yi don a ba su hanyar fita. Da ya yi dariyar tare da su an wuce wurin.

"Awo, shi ne," in ji Maccido. "Uwatta ta riga shi da shekara bakwai, da Alƙur'ani a hannu. Ban ji ba sai ga maciji."

Dariyar ta mutu a hankali. Wani ya tuna yana da awaki a kara. Wani ya shiga neman takalminsa. Waɗanda suka kai maganar farko Kwanni kafin la'asar suka watse da wannan a aljihu, ba mai sauri, don ba ta da daɗin ɗauka. Amma an faɗe ta, a wurin, a ranar, kuma Malam Attahiru ya ji da kunnensa. Ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya ce zai je ya sayar da kifinsa, zai biyo ya ɗauke ta in kasuwa ta tashi. Ya sunkuya ya ce wa yarinyar wannan babanta ne, ta gaishe shi.

Baraka ta ɗaga gefen malafar ta dube shi, ta daɗe, kai a karkace, kamar yadda ta dubi macijin. Sannan ta ja malafar ta rufe fuska, ta naɗe ƙafafu.

Maccido ya zauna a ƙasa gefenta. Masu wucewa na rage tafiya su kalla, wasu su dawo su sake wucewa. Da rana ta karkata ta fara shigowa ta yamma, ta taɓa yatsun ƙafarta. Ya tashi ya zaro fatar akuya mafi faɗi cikin tarin, ya rataye ta a bakin rumfar ta tare hasken. Ya bar gefen da ke kallon hanya a buɗe, ya koma ya zauna.